Wushiryar Umma

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba zan iya ba in ajiye alƙalami in ba masu iyawa wuri. Kwana huɗu kacal na yi ban leƙo ba, kuma a kan bencin asibiti na yi su. Hannun da ke tallafe da mara lafiya ba ya danna waya. Masu haƙuri, na gode. Marasa haƙuri, ku gyara zama.

Wanda yau ya shigo: ni ce Auta. Ummata tela ce, shekara talatin da ɗaya tana taka keke, sha biyu daga ciki tare da ciwon suga. Wata bakwai ke nan ƙafafunta suka daina jin feda, ga shi abin ya fara hawa yatsun hannu. Yaya, babban ɗanta, ya gama yanke hukunci cewa ni ce nake ba ta zaƙi a ɓoye. Ya sa ranar Laraba zai rufe shago, ya ɗauke keken, ya ɗauke Umma daga hannuna ya kai ta gidansa.

To, Larabar ce ta zo.

Ƙarfe takwas ya iso shago da motar ɗaukar kaya da ƙarti biyu. Yaya in ya kafe, ko ƙusa albarka. Ya amsa gaisuwata da hanci, ya nuna musu keken.

Na ce babu mai taɓa shi sai na kwashe dirowa. Ya ce ai tarkace ne kawai a ciki.

"Tarkacen ne suka kai ka makaranta, Yaya, har ka koyi kiransu tarkace."

Ƙartin suka ɗaga kai suna kallon rufi kamar a can aka rubuta musu aikinsu.

Na durƙusa na fara kwasa. Babban almakashi mai baƙin mariƙi. Tef ɗin awo da lambobinsa na farko suka goge, Umma kaɗai ke iya aiki da shi. Guntayen alli, kwalin allurai, sai gam ɗinta. Gam ɗin nan kowa a gidanmu ya san shi. Ɗan bututu ne irin na man goge baki, kullum a nannaɗe da ƙyalle an ɗaure shi da zare. Da shi take liƙa duwatsu a wuyan riga, in ji ta, kuma ta hana kowa taɓawa, wai yana cin fata. A ƙarƙashin teburin yanka na tarar da leda cike da irinsa, duk an matse su sun zama fale-fale. Na ce a raina, Umma da tara shirgi. Na jefa wanda ke da saura a jakata tare da allurai da zare, na bar ledar a nan.

Yaya bai bari na gama cikin salama ba. Ya tono lemon kwalbar da ya taɓa gani a firjinmu, wanda shi kansa ya san na baƙi ne. Ya tono alewar da ya gani a kan tebur, wadda 'ya'yansa ne suka bari. Na ciro littafin da nake rubuta awon suganta kowace safiya na miƙa masa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ce hannun da ke ba da alewa shi ke riƙe da biro.

Maganar nan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Ni na ajiye aikina na dawo gida. Ni nake yanke mata farce, ni nake leƙa tsakanin yatsun ƙafarta kullum kada wani abu ya soke ta ba ta sani ba. Shi kuma sai ya zo ranar hutu da ledar ayaba ya zauna a kujera ya yi mini shari'a.

"Babban likita ya ce suga ne," in ji shi. "Kin fi shi sani ne?"

"Ban fi shi sani ba. Na dai fi shi ganin ƙafar Umma. Shekara uku muna zuwa wurinsa, bai taɓa cewa ta cire safa ba."

A kan wannan muka rabu: keke zai hau mota, amma mota ba za ta motsa ba sai an ji sakamakon gwajin da muke jira yau. Ya ce zai same mu a asibiti ƙarfe sha ɗaya ya ji da kunnensa, kada in gyara masa labari a hanya.

A asibiti Umma ta ƙi hawa keken marasa lafiya, kamar kullum. Ta ce keke ɗaya ta sani a duniya. Ta dafa kafaɗata muka bi doguwar barandar nan, idonta a ƙasa, don in ba ta kalli ƙafarta ba, ba ta sanin inda ta ajiye ta. Amma duk nas ɗin da ta gaishe ta sai ta ɗago ta yi mata murmushi, wushiryar nan ta bayyana. Kaf layinmu Mai Wushirya ake kiranta, har a allon shago haka aka rubuta. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce saboda ita ya kai riga ɗaya gyara sau huɗu. Mu biyar ta haifa, babu wanda ya gado ta. Ni kam haƙorana a cunkushe suke kamar fasinjojin motar haya.

Wadda muka zo gani, Likitar Laraba muke kiranta, don ranar kaɗai take zama a ɗakin masu suga. Ƙarama ce, in ta cire farar rigar sai ka ce 'yar makaranta. Ita ce mako uku da suka wuce ta durƙusa ta cire wa Umma safa da hannunta. Ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora a idon sawu, Umma ba ta ji rawarsa ba. Ta ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar guduma, ƙafar ta yi tsalle har ta ture kwandon shara. Tun a ranar ta ce abin bai kwanta mata ba. Suga a hankali yake cin jijiya, cikin shekaru, ba ya yin irin wannan gudun, kuma ba halinsa ba ne ya sa gwiwa tsalle. Ga shi gwajin wata uku ya nuna sugan Umma a kame yake. Ta fara da bitamin B12, wanda maganin suga kan rage, aka tarar lafiya lau. Ta duba ƙoda, ta duba wasu abubuwan da ban riƙe sunansu ba, sannan ta aika jini can nesa.

Yau takarda ɗaya ce a gabanta, ta ja layi biyu da jan biro.

Ta ce jikin mutum yana buƙatar tagulla ɗan kaɗan, kamar gishiri a girki, don jijiyoyi da laka da jini su yi aikinsu. Ta jikin Umma ta kusa ƙarewa.

"Tagulla?" in ji Umma. "Ni tukunya ce, 'yata?"

Likita ta yi dariya, amma ba ta ɗauke yatsa daga layi na biyu ba. Akwai wani sinadarin, tutiya, wanda masu kemis ke kira zinki, shi kuma ya yi wa jinin Umma yawa ƙwarai. Su biyun ƙofa ɗaya suke bi a hanji. In tutiya ta cika ƙofar, sai tagulla ta tsaya a waje. Shi ya sa jinin Umma ya yi ta raguwa, aka yi ta ba ta maganin ƙarin jini a banza. Ta ce kada mu ga baiken babban likita da yawa, mafi yawan masu suga in ƙafa ta mutu, sugan ne. Sai dai mai suga ma ba a hana shi wani ciwon ba.

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce ta maimaita, ba suga ba ne? Ta ce ba shi ba ne. Na so a ce Yaya yana tsaye a wurin.

"Saura mu san ta inda yake shiga," in ji ta. "Ruwa ba ya tsami banza."

Ta tambaya ko Umma na shan ƙwayoyin ƙarin lafiya, irin waɗanda ake saya ba da takarda ba. Ni na amsa. Na ce ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinta sai ta hannuna. Ta tambaya ko akwai wani garin magani, ko wani ruwa da wata maƙwabciya ta kawo. Babu. Ko muna kusa da masu narka ƙarfe. Babu.

Sai ta ajiye biro, ta matso da kujerarta, ta sassauta murya.

"Mama, ki gafarce ni. Haƙoranki duka naki ne?"

Dariya ta ƙwace mini. Na ce likita, kin tambayi wadda bai kamata ba, wannan ai Mai Wushirya ce, da su aka san ta.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta gyara zaman mayafinta.

"Ban aro na kowa ba," ta ce.

Likita ta gyaɗa kai, ba ta yi musu ba. Ta dai ce ta tambaya ne don akwai wani irin man da ake liƙa haƙoran roba da shi a dasashi, wasu daga ciki da tutiya ake haɗa su. Ɗan kaɗan ba ya komai. Amma in haƙoran suka yi sako-sako, mutum ya riƙa lafta shi safe da rana da yamma, yana haɗiyewa, shekara da shekaru, to ga inda ake zuwa. Ta ce a ɗan bututu yake zuwa, kamar man goge baki.

Jama'a, ban san ko ya taɓa faruwa da ku ba, abu yana gabanka shekaru, sai kalma ɗaya ta buɗe maka ido.

Yaushe rabon Umma da sa duwatsu a riga? Ya fi shekara biyu, tun da yayinsu ya wuce. To ledar da na gani da safe fa, me aka liƙa da ita?

Na tuna banɗakin da take kullewa kowace safiya ta daɗe a ciki. Na tuna sau biyu ana so a kwantar da ita a asibiti tana cewa sai dai a ɗaure ta. Na tuna Umma da ke yanke zare da haƙori tun muna yara, ƙat, ba ta ko dubawa, rana ɗaya ta rataya ɗan almakashi a wuya ta ce cizon zare ƙazanta ne.

Na sa hannu a jaka.

"Auta," in ji Umma. Ba ta kalle ni ba. "Mayar."

Ban taɓa ƙin bin maganarta ba a kan abin da ya fi wankin kwano. Yau na ƙi. Na ciro bututun, na sa haƙori na yanke zaren kamar yadda ta koya mini, na warware ƙyallen. Ga hoton haƙora jere suna mini murmushi. Na buɗe murfin, ƙamshin na'a-na'a ya cika ɗakin.

Fankar sama kaɗai ke ƙara.

Na so in yi kuka, amma fushi ya riga hawaye zuwa.

"Wata bakwai, Umma. Wata bakwai ana cewa ni nake kashe ki da lemo. Kina ji."

"Ban san shi ne ba."

"Na yarda. Da kin sani fa?"

Ta juya fuskarta bango, kuma hakan ya fi maganar Yaya yi mini ciwo.

Likita ta miƙe za ta ba mu wuri, Umma ta ce ta zauna, ai ita ta tono, sai ta ji ƙarshe. Ta ba da labarin idonta na kan bango. Shekara takwas ke nan. Shekarar da Baba ya rasu suga ya ci mata dasashi, haƙora suka fara girgiɗi ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar nan ta mako uku da ta ce mana za ta saro yadi, ta dawo ba ko yadi ɗaya ta ce kasuwa ta yi tsada, wurin mai haƙori ta je. Ta tafi da hotonta na 'yanmatanci. Mutumin ya ce shi tunda yake aiki, toshe giɓi ake kawo masa, ba a taɓa cewa ya buɗe ba. Ta ce to yau ya fara. Sau uku yana yi tana mayar masa, har sai da wushiryar ta zauna daidai inda take.

Daga baya dasashin ya janye, haƙoran suka fara rawa. Gyara yana nufin wani ya raka ta, ya zauna ya gan ta baki buɗe. Sai ta ƙara man. Da bututu ɗaya yana yi mata wata guda. Yanzu kwana uku.

"Ciwon nan ya karɓe mini shayi mai zaƙi, na bar masa," ta ce. "Ya sa ana tsaga mini yatsa kowace safiya, na bar masa. Wannan ɗaya na ce ba zai karɓa ba. Ubanku ya tafi ya bar ni da ita, da ita zan same shi."

Likita ta ce babu wanda zai karɓe mata wushirya. Akwai man da babu tutiya a ciki, kuma in aka gyara haƙoran suka zauna daidai, ba ma za ta buƙace shi ba. Abin da ake so shi ne ta daina wannan yau, ba gobe ba, a fara mayar mata da tagulla ta ƙarin ruwa, daga baya a koma ƙwaya.

Umma ta ce ta ji, za ta daina. Sannan ta juyo ta dube mu mu biyu.

"In Yayanku ya zo, ku ce masa suga ne."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

Likita ta ce ita ba za ta faɗa wa kowa sirrin Mama ba sai da yardarta, amma ba za ta ɗora wa suga laifin da bai yi ba. Saura ni. Umma ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi, ta ce Auta, ke mace ce, za ki gane. Ɗa namiji ne, yana da mata, matar tana da ƙawaye, kafin Juma'a duk layi ya ji.

"In na ce suga ne, Umma, na ce ni ce. Ya tafi da ke, ya tafi da keke."

"Zan lallashe shi."

"Wata bakwai kina lallashinsa."

Na zare hannuna a hankali. Na ce mata sirrinta ba zai fita daga bakina ba ko za a yanka ni, don ita ta haife ni. Amma na gama sunkuyar da kai a kan laifin da ban yi ba. Na nannaɗe bututun na mayar jaka.

Ko zif ɗin ban gama ja ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaya ya shigo da makullin mota a hannu, ya gaishe da likita a tsaye.

"Suga ne, ko?"

"Ba suga ba ne," in ji ta. "Sugan Mama yana kan hanya, kuma wadda ke kula da shi ta yi ƙoƙari."

Kun ɗauka zai ji kunya? Ba ku san Yaya ba. Ya tambaya to mene ne. Ta ce wani sinadari ne ya yi yawa a jini, an kuma gano ta inda yake shiga, amma Mama ce za ta faɗa in ta so. Ya dubi Umma, Umma ta dubi bango. Sai ya juyo kaina, ido ya kaɗa.

Ya ce ashe abin ya wuce lemo. Wane magani na karɓo, a wurin wa, tun yaushe nake ɗura mata? Ya ce tun da safe ya ga ina rawar jiki a kan dirowar nan, in buɗe jakata. Na rungume jakar na ce sai dai ya karya mini hannu. Ya ce daga yau ko ruwa ba zan ƙara miƙa wa Umma ba, kuma zai tara 'yan'uwa kowa ya ji abin da na yi.

Na tsaya ina kallonsa ido cikin ido. Bakina cike da magana, na haɗiye ta. Ban sunkuya ba.

"Ya isa."

Umma ce. Ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa, ta gyara zama kamar yadda take yi in za ta yanka yadi mai tsada.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta ce.

Ta sa babban yatsa da manuni a baki. Yatsun ba su kama da kyau ba, sai da ta gwada sau biyu. Na sama suka fito, sannan na ƙasa. Ta ɗora su a kan takardar gwajin, daidai kan jan layin, wushiryar tana kallon Yaya.

Fuskar uwata ta faɗa ciki. A gabana ta ƙara shekara ashirin. Amma ba ta rufe baki da hannu ba, ba ta sauke ido ba.

"Ga abin da Auta take ba ni," ta ce. Muryar ta canja, kalmomin suna fita da iska, amma kowa ya ji. "Da hannuna nake shafa musu mai, shekara takwas. Ita yau ta sani. Ka ba ta haƙuri."

Makullin ya faɗi daga hannun Yaya. Ya lalubi bencin da ke jikin ƙofa ya zauna. Bakinsa ya motsa sau biyu kafin magana ta fito, kuma da ta fito, ƙasa ya kalla ya ce in yi haƙuri. Na daɗe ina jiran kalmar nan, ina tsara yadda zan karɓe ta. Da ta zo ban ji daɗin da na zata ba, don idona na kan bakin Umma.

Ya share fuska ya tambayi likita ko za ta warke.

Likita ba ta yi mana zaƙin baki ba. Ta ce abu na farko, ciwon zai tsaya inda yake, jini kuma zai dawo da wuri. Ƙafa ta daɗe, ba za ta yi alkawari a kanta ba. Hannu kuwa kwanan nan ya fara, tana da kyakkyawan zato, amma jijiya ba ta gaggawa, sai an ba ta watanni.

Umma ta ce ƙafa ta je ta huta, ta yi aikinta. A sa wa keke mariƙin hannu, da irinsa ta koyi ɗinki. A sauke shi daga mota.

Yaya ya girgiza kai. Wannan karon ba da faɗa ba. Ya ce Umma, watan jiya allurar keke ta shige miki yatsa, ba ki sani ba sai da jini ya ɓata rigar mutane. Ya ce shi ya ɗauke ta zuwa ɗinkin ciwon, shi ya ga ƙashi. Ga mai shagon kusa yana jiran wurin, yau ya ce a ba shi amsa. Ta zo gidansa ta huta, in ta warke a san abin yi.

Na san in shagon nan ya tafi ba zai dawo ba, Umma ma ta sani. Na kuma san Yaya bai yi ƙarya ba a kan yatsan. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

"Auta, ba ni allura da zare."

Wannan tsohon wasanta ne. Duk jikan da ya zo shago sai ya sa ta yi masa: ta rufe ido, ta zura zare a allura da yatsa kaɗai, sau ɗaya tak.

"In ya shiga, keke ya koma shago," ta ce wa Yaya. "In bai shiga ba, kai ni inda ka ga dama."

"Ba yau ba, Mama," in ji likita. "Ko maganin ba mu fara ba. Ki ba ni wata uku."

"Shi bai ba ni ba."

Na ce Umma don Allah. Ta miƙo tafin hannu ta bar shi a buɗe, har sai da na ciro kwalin. Na zaɓi mai babban ido, ta ture ta, ta nuna siririyar da take daje wuyan riga da ita. Na tsaya kusa da gwiwarta. Yaya yana zaune a bakin ƙofa.

Ta lashi bakin zaren, ta murza shi. Ta ɗaga allurar tsakanin yatsu biyu. Ta rufe ido.

Zaren ya matso. Ya wuce ta gefe. Ta dawo da shi.

A karo na biyu allurar ta zame. Na ga sanda ta sulale ta bi zanenta ta sauka a kan tayil, kusa da takalmina, da 'yar ƙarar da ban san ko wani ya ji ba.

Umma ba ta sani ba. Idonta a rufe, yatsunta biyu a matse kamar har yanzu suna riƙe da ita, tana ta tura zare cikin iska a hankali, bakinta da babu haƙori yana ɗan murmushi irin na mai shirin cin gasa.

Likita ta kawar da kai.

Ban san me nake tsammanin zan ɓoye ba, ko har zuwa yaushe. Na dai ga ƙafata ta matsa da kanta ta taka allurar, na danne da dukkan nauyina.

"Ya kusa," in ji Umma. "Ku yi shiru, ya kusa."

Na ji bencin bakin ƙofa ya yi ƙara. Takun Yaya uku ya tsaya a gabana.

"Auta," ya ce, a hankali. "Ɗaga ƙafarki."